Kifin da Bai Taho Wurina Ba

A gidanmu na Wurno sana'ar mata man gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli, kuma tun ina ƙarama aka hana ni aiki guda, wato zuba mai a kwalba. Ko da mazurari sai na zuba a gefe. Zare ma sai in yi ta caccakar iska ban samu kafar allura ba. Gwaggona, ƙanwar babana, ita ta fara ce mini mai ɓarin mai, na girma da sunan, na yi aure da shi. Da 'yata ta fari ta tasa, ita ma ta kama ɓari, sai gida ya ɗauka wai gado ne. Wannan dariyar ta fi ƙona mini rai, don na san inda take kai yarinya.

Ina da taubashi, ɗan kawuna da ke Goronyo, mai shagon tura finafinai a waya. Wata ƙaramar Sallah ya zo gaisuwa da hantsi, ya fito da wani ƙaton tabarau na roba mai igiya, wanda ake zura waya a cikinsa a ɗaura a fuska.

"Yau cikin teku za ni kai ku, kuma ba wadda za ta jiƙe," in ji shi.

Gwaggo aka fara ɗaura wa don girmanta. Ba a jima ba ta tattare zane, ta ɗage ƙafafu daga tabarma.

"Ku riƙe ni, ga wani kihi nan awa jaki, ya taho min!"

Muka yi ta dariya har da hawaye. Maƙwabta suka ji, suka shigo da lallensu da sababbin atamfofi, kowa na roƙon a ba ta. Wata ta sunkuya, wata ta kai wa iska mari. Ni kuwa sai rawar jiki nake, na ƙagu layi ya zo kaina.

Da aka ɗaura mini, na ga kifi, amma kifin waya ne kawai, shafe a jikin gilashi. Na jira ya taho, bai taho ba.

"To ina abin?" na ce.

"Ke da ba ki ganin bakin kwalba, ina za ki ga kihi?" in ji taubashina. Aka kwashe da dariya, amma shi sai ya tsaya. "Tsaya tukun. Ruhe idon dama, ki gaya min mi kinka gani."

Na rufe. Komai ya koma kamar ana kallo ta cikin leda mai maiƙo.

"Dishi-dishi. Ai na hagu na," na ce. "Ido awa hannu na, dama ta hi hagu ƙarhi."

Haka na ɗauka tun ina yarinya, ban kuma taɓa tambayar kowa ba. Matan nan duka suka shiga rufe ido ɗaya suna buɗe ɗaya, kowace ta ce nata biyun garau suke. Sai na jawo 'yata, lokacin tana 'yar shekara biyar, na ɗaura mata. Ta ce ga kifi nan, ta ci gaba da taunar cincin ɗinta, ko gezau. Gabana ya faɗi, amma har da wani farin ciki a ciki. Ashe ba hannunmu ne da laifi ba.

Bayan Sallah maigidana ya kai mu asibitin ido a Sakkwato. Likita ta ce irin tabaraun taubashina yana nuna wa kowane ido hotonsa daban, sai idanu biyu sun yi aiki tare mutum ke gane kusa da nesa. Nawa na hagu ya daɗe da yin lalaci, lokacin gyaransa ya wuce. Na yarinya kuwa da sauran dama. Aka ba ta tabarau, aka ce kullum a rufe mata ido mai lafiyar na ɗan lokaci, don ragon ya koyi aiki.

An sha daru. Ta ɓare abin rufin, a mayar, ta yi kuka, ni ma in yi. Gwaggo ce ta ɗinka mata marufi da ƙyallen atamfa, ta zama mai gadi, kuma ban sake jin sunan nan a bakinta ba.

Da Sallah ta zagayo, ni na kira taubashina na ce kada ya kuskura ya zo babu abin nan. Aka ɗaura wa yarinya, ina tsugune a gabanta. Can sai ta zabura baya, ta damƙe mini zane, ta miƙa ɗayan hannun tana lalube.

"Inna, ga shi nan dab da hancina. Inna, kauce!"

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Taubashina ya kai hannu zai cire, don likita ta ce kada ta daɗe da shi. Na riƙe hannunsa.

"Bar ta kaɗan," na ce. "Ɗiyata, gaya min yadda shike in ya taho."