Bafaranshen Da Ya Hana Ni Sammako

Kafin wani ya riga ni faɗa, ni ne wawan wannan labari. Iyakar bokona aji bakwai, shi ma ban fita ta ƙofa ba.

A gidanmu na Tudun Wada, da an idar da isha'i, kakata Iya Mairo takan zauna gaban murhu tana tsince waken ƙosan gobe, mu jikoki mu kewaye ta. "Ga ta nan," in ji ta, "mai gyangyaɗi ta wuce shi." Yawanci kura ce da dila. Amma akwai labari guda da ta tsinta a bakin Kawu Sule, malamin lissafi, ta zuba masa nata gishirin.

Wai wani Bafaranshe ne, tun yana yaro ba shi da ƙoshin lafiya, malamansa suka ƙyale shi yana kwanciya har hantsi. A haka ya girma. A kwance yake tunani, yana shakkar komai, har hannunsa sai da ya tuhuma ko nasa ne. Rannan yana kallon ƙuda a rufin ɗaki, ya gano yadda za a faɗi inda ƙudan yake ta hanyar lamba biyu, ɗaya daga wannan bango, ɗaya daga wancan. Ya yi suna. Sai wata sarauniya a ƙasar ƙanƙara ta kira shi ya koyar da ita, ta ce da asuba take so. Sanyi ya shige masa ƙirji, bai ga bazara ba.

"To, maigidana, me ka ji?" Haka take tsokanata.

Na ce, "Na ji sammako na kashe masu ilimi."

Ta yi dariya har wake ya zube. Ni kuwa da gaske nake.

Ranar jarrabawar shiga sakandare, da sassafe motar makaranta za ta kwashe mu. Iya ta tashe ni, ta ɗauki kaskonta ta nufi bakin titi. Na koma na ja bargo, na zuba wa rufin ɗaki ido, wai tunani nake. Ko ƙudan bai zo ba. Motar ta tafi.

Babana ya ce ba maimaici, ya miƙa ni ga wani mai faci a Gyallesu. Abin haushi, facin taya sai da sammako, har na tsufa ina yinsa, ban kuwa mutu ba. Iya ba ta zage ni ba. Ta dai daina tatsuniya in ina wurin, har ta koma ga Allah. Bulala ta fi wannan sauƙi.

Kwanan baya na ga jikata Hafsatu, 'yar jami'a, ta zana layi biyu sun gitta juna, ta ce hikimar wani Bafaranshe ce. Na gyara zaman hula, na ce, "Ai shehina ne, ɗariƙarsa nake bi tun ban yi gemu ba."

Matata Binta ta leƙo daga madafa.

"Malam, shi da ya kwanta, da lissafi ya tashi. Kai da me ka tashi in ban da kwantsa?"