Malamin da Ya Tambayi Sunan Shanu

Jiya a kasuwar Funtua na ji kukan maraƙi a bayan mota, sai Malam ya faɗo mini a rai. Tsohon malaminmu ne, yakan rubuta gajerun maƙalu a jarida kan mutane da dabbobinsu. Ba marubucin da nake so kamarsa.

Na taɓa raka shi jaje wani ƙauye kusa da Malumfashi, inda ɓarayin daji suka kore wa wani dattijo shanun huɗa. Muka tarar da shi zaune a turke da igiya a hannu, warin fitsarin shanun bai ma gushe ba. Kowa na cewa Allah Ya mayar da alheri. Malam ya durƙusa ya ce, "Baba, yaya sunansu?"

"Fari da Goje," in ji dattijon. Sai a lokacin ya fashe da kuka.

Kafin maƙalar da Malam ya rubuta kan shanun ta fito, baƙin ciki ya kwantar da manomin, bai ƙara tashi ba. Malam kuwa bai sake rubutu kan shanu ba har ya rasu.

Allah Ya haskaka kabarinsu su biyun, Ya dawo da aminci gonakinmu.