Mai Usur da Zuciyar Autarsa

Shekara goma sha tara yana koyar da motsa jiki a makarantarmu, kuma babu wanda ya taɓa jin ya yarda cewa yaro na iya yin rashin lafiya. Mai Usur muke ce masa. A zurfin iliminsa, cututtukan yara biyu ne kacal: lalaci da son jiki. Maganinsu kuma ɗaya, a zagaya fili sau biyar.

Autarsa tana aji uku lokacin da ta fara haki. Matakala huɗu ce a ƙofar ajinsu, amma sai ta tsaya ta dafa bango. Abinci ma loma uku take yi ta ture kwano. Uwarta, wadda ɗinki ne sana'arta, ita ta fara magana.

"Baban Auta, ɗazu da nake gwada mata riga na ga ƙirjinta na rawa. Ƙafafunta ma sun kumbura."

"Ƙiba ce," in ji gwanin. "Ke kika sangarta ta. Gobe da ni za ta fita fili."

Haka kuwa aka yi. Wata huɗu cur yana rataye da agogo a wuya yana auna gudun 'ya'yan mutane, bai taɓa ɗora yatsa a wuyan hannun tasa 'yar ba.

Wata Laraba ta faɗi a zagaye na biyu. Sai da ya busa usur sau biyu kafin ya gane ba tashi za ta yi ba. Ya sungume ta ya zura da gudu, irin gudun da mu abokan aikinsa ba mu san yana da shi ba.

Ni na kai su asibiti a motata. Bayan gwaje-gwaje likitar zuciya ta zaunar da iyayen.

"Zuciyarta na bugawa sau ɗari da tamanin a minti ɗaya, ko barci take yi. Ta yi watanni a haka. Naman zuciyar ya gaji ya saki, ba ya tura jini yadda ya kamata."

Mai Usur ya gyara murya. "To likita, ɗan motsa jiki ba zai ƙarfafa ta ba?"

"Malam, zuciyar nan ta fi ka motsa jiki."

Matarsa ta juyo gare shi. Kallonsa kawai ta yi, da zagi ta yi da ya fi masa sauƙi. Na same shi a baranda yana share ido, ya ce wai warin maganin goge ƙasa ne.

Ƙwayoyin maganin da aka ba ta ba su riƙe bugun ba. Daga baya aka zura siririn bututu ta jijiyar cinyarta har cikin zuciya, aka ƙona ɗan wurin da ke haddasa saurin. Bayan wata shida hoto ya nuna ƙarfin zuciyar ya dawo.

Yanzu ko atishawa yaro ya yi a fili sai Mai Usur ya kama hannunsa yana ƙirga. A zangon nan kaɗai ya tura yara goma sha ɗaya asibiti, dukansu lafiya lau, har iyaye sun kawo ƙara wajen hedimasta. A ɗakin malamai kuwa kullum sai ya ba mu labarin yadda shi da kansa ya gano ciwon tun da wuri. Muna gyaɗa kai, har ni da na tuƙa motar.