Fuskar da kunya ta goge

"Kaka, ina fuskarsa?" na tambaya, ina nuna mata hoton.

A ƙasan adakarta na tsinto shi, a gidanmu na Jega. Kakanta ne tsaye da mahaifiyarta tana ƙarama, farkon zuwan Turawa. Riga fes, amma fuskar ta dushe kamar hayaƙi.

Ta ce, "Mai hoton ya tusa kai cikin baƙin ƙyalle, ya ce kada kowa shi motsa, uba shi dubi ɗiyatai. Ɗiyar fari fa, gaban mutane! Sai kakan nawa ya kau da kai don kunya, daidai lokacin da aka ɗauka."

Tun safe na kasa zaune na kasa tsaye, ina neman kamanninsa.

Sai yanzu na lura da hannunsa. Shi ya fito raɗau, ya riƙe kafaɗar ɗiyarsa gam.

Ku fa, me kunya ta ɓoye a gidanku?