Alkamar da ta tsira a buhu

Kakata, Inna Ige, ba ta yin gatana, wato tatsuniya, mai daɗi. A ƙauyenmu, tsakanin Bodinga da Shagari, in an idar da isha'i takan hura wuta da karan dawa, mu kewaye ta muna gasa dankali.

Shekarar da gwamnati ta gina injin niƙan alkama, babana ya bar albasa, ya shuka alkama a fadamarsa duka. Ya girbe, ya kai injin, bai rage ko buhu ɗaya a gida ba.

Ranar Inna ta ce, "Ga wata nan, ku tara kunne." Wai wani sarki ya kawo wa garinsa ƙaton dutsen niƙa, ya ce na kowa ne, ya sa ɓeraye gadi. Mata suka watsa duwatsunsu a rijiya. Aka kai hatsi, aka koma gida jiran gari. Ɓeraye suka yi ƙiba, suka ce dutse na hutawa.

"Sai me, Inna?"

"Sai mi? Suna can suna jira."

Babana daga bakin zaure ya ce, "Inna, da ni kike."

"Da kai nika yi, Mamman. Tahi ka ɗauko abincin ɗiyanka."

Bai ɗauko ba. Injin ya tsaya, wai wani ƙarfe ya karye. Ma'aikata suka ce duk wanda ya janye buhunsa ya rasa layi. Manoma suka bar buhuna a fili, babu rumfa, har ruwan farko ya sauka a kansu.

Da muka je da jaki, wari ne ya tare mu tun daga ƙofa. Alkama ta tsira ta cikin buhu, sama kore shar, ƙasa baƙi ruɓaɓɓe. Awakin mai gadi na kiwo a kai. Daminar nan ganyen tafasa muka ci, babana ya jinginar da fadama, ba ta dawo ba.

Da ina yaro, ɓerayen na tsana. Yanzu layin na fi tsana: manyan magidanta na kallon hadari yana haɗuwa, kowa na tsoron kada wani ya shiga gabansa.

Ginin na nan, an kwashe kwanon rufinsa. Bana ma mutanen gwamnati sun zo da lasifika, wai za a tada injin. Ɗana ne ya fara tafa musu.