Ranar Da Fura Ta Sauka A Rawanin Mai Gari

Jiya da hantsi jikata ta shigo ɗakina neman allura, kanta ya bugi tsohuwar ragayar da ke rataye a bakin ƙofa. Igiyar ta yi ƙara, ƙiii, irin ta kabar da ta bushe. Ina jin wannan ƙara sai ga ni a gindin tsamiyar ƙauyenmu, can tsakanin Zandam da Kwandiko, tun Nasara bai zo ba, ina yarinya ko zane ban iya ɗaurawa ba.

Ni ban yi karatu ba, kada ka zata. Amma kakana malami ne, mutumin Birnin Kudu, ya zo ya zauna garinmu da allunansa. Da safe yana biya wa yara karatu kamar kowane malami. Amma in an gama girbi, rumbuna sun cika, ran Alhamis da la'asar sai ya fito gindin tsamiya ya ce kowa ya zo, yaro da babba, a ga yadda Allah ya tsara duniyarsa. Ya tsoma kara cikin randa, mu ga ya karye, ya zaro shi lafiya lau. Ya cusa taɓarya ƙarƙashin dutsen niƙa, ya tokare ta da kututture, wata tsohuwa marar haƙori ta danna, dutsen ya tashi. Kwana uku tana bi gida-gida tana neman abokin kokawa.

Na ragaya shi ya jawo magana. Ya cika ƙwarya da ruwa, ya sa cikin ragaya, ya kama bakin igiya ya shiga wulwulawa. Ƙwarya ta kife a saman kansa ƙiri-ƙiri, ko ɗigo bai zubo ba. Mu yara muka yi ihu. Manya suka kalli juna. Kafin kasuwa ta zagayo magana ta cika gari, wai malamin Birnin Kudu yana da aljani mai riƙe masa ruwa. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu, alluna suka yi ƙura a zaure.

Mai gari ya aiko aka kira shi. Ya ce in sihiri ne, ya tattara allunansa ya bar garin kafin ruwan shuka.

Kakana ya ce, "Ranka ya daɗe, ba aljani. Sauri ne kawai. In an juya da sauri, ruwan a gindin ƙwarya yake mannewa. Kowa zai iya."

"Kowa?"

"Kowa."

"To ni zan yi. Da ƙwaryata, da ragayata. Kuma ba da ruwa ba, wa ya san abin da ka tofa a rijiya? Da furar gidana."

Kakana ya dawo yana murna. Kakata na tsakar gida tana kaɗi, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Malam, ka ce masa da sauri?"

"Na ce masa."

"Ka taɓa ganin mutumin nan ya yi sauri? Ranar da rumbunsa ya kama wuta ma takun ƙasaita ya yi."

To, ka san mai sarauta ba ya gaggawa a gaban talakawansa. Haka muka taras, haka muka bari. Ran Alhamis gari kaf ya hallara. Mai gari ya fito da riga kan riga, da sabon rawani fari fat. Aka dama fura, ta sha nono, ƙamshin citta da kanumfari har inda muke zaune. Ya karɓi igiya da yatsu uku. Ya lilla gaba. Ya lilla baya. Ya ɗaga hannu sama sannu a hankali, kamar mai amsa gaisuwa.

Kakana ya yi ƙara, "Ranka ya daɗe, da hanzari!"

Bafaden mai gari ya yi ƙarar da ta fi, "A hankali, zaki! A hankali!"

Ya bi ta bafade. Ƙwarya ta kai tsakar kansa, ta tsaya kamar mai neman izini, ta juye. Fura ta sauko ta rawani, ta bi gemu, ta shige wuyan riga. Wani gaya ya zauna daram a ƙolin rawani. Kaji suka taso. Ba wanda ya yi dariya, amma na ga dattawa suna cizon hannun riga, hawaye na zuba.

Mai gari ya share ido ya ce, "Ka gani. Aljaninka bai san ni ba. Tattara kayanka."

A nan ne kakata ta ratso taro da mayafinta. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta ce a sake cika ƙwaryar da ragowar furar.

"Ranka ya daɗe, ni ko baƙi ɗaya ban sani ba a allon Malam. Amma ina yarinya a garin Sara ni ke korar tsuntsaye a gonar dawa da majajjawa, dutse bai taɓa faɗo mini a ka ba."

Ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta naɗe igiya a hannu. Wuu, wuu, wuu, har ragayar ba ta ganuwa. Ta sauke a hankali, ta sa ludayi ta motsa, ta miƙa wa mai gari.

"A sha, kada a ce duka rawani ya shanye."

Nan dariyar da aka danne ta fashe. Mai gari ya daɗe yana kallonta, ya kalli kakana.

"Malam, yi zamanka. Ba aljanin da zai yarda ya yi wa matar nan aiki."

Washegari zaure ya cika da yara. Bayan mako guda matan mai gari suka fara zuwa aron ƙwarya, wai nasu duk sun farfashe a bayan gida, ba su san dalili ba. Mu dai mun sani.

Yanzu jikata na zuwa makarantar boko. Da na ba ta labarin nan ta ce ai malaminsu ya koya musu, abin har suna gare shi, ta faɗa mini wata kalma doguwa. Na ce ya juya muku kun gani? Ta ce a'a, a allo ya zana. Na ce sauke ragayar nan, ki cika ƙwarya. Ta riƙe igiya da yatsu uku, tana tsoron rigar makarantarta. Na ja tabarmata gefe.