Sati Guda da Baba Ya Nema

Tun kafin a haife ni Baba yake gyaran agogo a wata 'yar rumfa cikin Babbar Kasuwa, har hawan jinin ido ya zaunar da shi gida. A shekarar da nake magana a kai, haske kawai yake iya bambancewa da duhu. Ina aure a Kambarawa, duk Asabar nakan je gidanmu na Ƙofar 'Yandaka in wuni. Gaisuwa na ƙarewa sai hirarmu ta tsaya, domin shi mutum ne da ya saba magana da hannunsa a kan aiki.

Wata Asabar ina zaune gefen tabarmarsa ina taɓa waya, ya ji wani sauti.

"Uwata, mi ne ne wanga ke ƙyas-ƙyas?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Na ce wani wasan waya ne na sauke jiya. Labarin wani tsoho ne mai kula da gidan waya a bakin teku, an wayi gari ya ɓace, kai kuma ka shiga ofishinsa kana bin sawu. Ko'ina a kulle, sai ka warware wata matsala kafin ƙofa ko durowa ta buɗe. Gaskiya da farko bai burge ni ba. Babu gudu, babu faɗa, sai ɗaki shiru da tarin wasiƙu.

"Faɗa mini abin da ke ɗakin," in ji shi. "Fara daga dama."

Na fara. Tebur, fitila, taswira, akwatin ƙarfe. Ya sa na karanta masa wasiƙun ina fassarawa, wata har sau uku. Shi ya lura cewa tsohon yana maimaita kalma guda a ƙarshen kowace wasiƙa, kuma da ita akwatin ya buɗe. Ya yi dariya har Inna, mahaifiyata, ta leƙo daga madafa.

Asabar ta uku muka iso wani agogon bango da aka cire wa hannuwa. A bayansa akwai faifan ƙarfe uku masu haƙora, sai ka gano ƙarfe nawa zai nuna idan babban faifan ya juya sau biyu. Baba ya gyara zama. Ya sa na ƙirga masa haƙoran kowanne, ya yi ta motsa yatsu a kan gwiwarsa.

"Ba ni sati guda, Uwata. Kada ki taɓa shi."

Na ce to. Ranar Talata da hantsi, na gama aikin gida, son sanin inda tsohon ya shiga ya dame ni. Na duba amsar a intanet: huɗu saura kwata. Durowa ta buɗe, na sami mabuɗi, na wuce har bakin teku. Na ce a raina ai ba zai gani ba, zan yi kamar muna nan.

Da Asabar ta zo na tarar ya sa an shimfiɗa tabarma tun da wuri. Na buɗe wasan. Ya karkata kai yana saurare.

"Ba na jin agogon. Ruwa nake ji."

Na ce, "Baba, ka yafe mini, na ɗan ci gaba."

"Ba komai, Allah shi yi miki albarka. Kamo mini rediyo."

Na yi tayin goge komai mu faro daga farko, ya ce a bar shi, wasa ne. Bai sake tambaya ba, ni ma kunya ta hana ni tayar da zancen. Muka koma gaisuwa da shiru. Bayan ƙaramar Salla ya kwanta, kwana tara Allah ya karɓi abinsa.

Bayan addu'ar bakwai muna kwashe kayansa, na ga gwangwanin aikinsa a ƙarƙashin gado, ba ƙura a kansa. Inna ta ce a satin nan da ya ce in ba shi ne ya sa ta ɗauko masa shi. Kullum bayan la'asar sai ya zazzage tsoffin faifan agogo a faranti, yana laluben haƙoransu yana ƙirgawa.

"Ranar Alhamis ya ce ya samu," in ji ta. "Ya ce in riƙe masa kada ya manta kafin ki zo. Wai huɗu saura kwata. Ni ban san na mene ne ba."

Na zauna a bakin gadon da gwangwanin a cinyata. Inna ta ci gaba da naɗe rigunansa.